Kwana Uku a Majalisar Dokokin Kano: Yadda Aka Kafa Masarautu, Aka Kuma Rushe Su

Litinin 6 ga Mayu 2019 ita ce ranar farko ta azumin shekarar. Jama'ar Kano na fama da ƙishirwar ranar farko, hankali ya karkata ga kunu da ƙosan buɗa baki, sai labari ya fito daga Majalisar Dokokin Jiha cewa kakakinta, Kabiru Alhassan Rurum, ya karanta wata takardar koke a zaure. Wani ofishin lauyoyi ne ya aiko ta, yana roƙon a ba Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi sarakunan yanka.

Irin wannan takarda ba baƙuwa ba ce a majalisa. Da yawa akan miƙa su ga kwamiti, su yi ta kwana a durowa har wa'adin majalisar ya ƙare. Wannan kuwa ko ƙura ba ta sha ba. Nan take aka ɗora wa kwamiti aikin dubawa, washegari Talata rahoto ya iso, ranar Laraba 8 ga wata ƙudurin gyaran dokar masarauta ya tsallake karatu na uku. Kafin a tashi sahur na azumi na huɗu Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu. Masarautar Kano, wadda ranar Litinin take riƙe da ƙananan hukumomi 44, ta wayi gari Alhamis da 10.

Bayan shekara biyar aka maimaita. Ranar Talata 21 ga Mayu 2024 shugaban masu rinjaye, Lawan Hussaini Chediyar 'Yan Gurasa mai wakiltar Dala, ya kawo maganar sake duba dokar. Laraba aka yi karatu na ɗaya. Alhamis 23 ga wata aka yi na biyu da na uku, aka soke dokar ɗungurungum, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, ya ba sarakuna biyar, wato na Kano da na sababbin masarautu huɗu, awa 48 su miƙa fadoji, ya kuma sanar da dawowar Muhammadu Sanusi II, Sarkin Kano da aka tuɓe a 2020.

Kwana uku aka gina, kwana uku aka rushe, a majalisa ɗaya. Maganar wane ne sarki na gaskiya na bar wa kotu da masu tarihi. Abin da ya dame ni shi ne ita kanta majalisar: ta yaya mutum 40 ke yanke hukunci a kan abu mai nauyi haka cikin wannan hanzari, kuma a ina ne ake yanke hukuncin, a zaure ko kafin a shigo zaure?

Abin da doka ta tanada

Tsarin mulkin 1999 bai tsawaita kan ƙuri'ar majalisar jiha ba. Sashe na 91 ya ce kujeru ba za su gaza 24 ba, ba kuma za su haura 40 ba. Kano da Legas ne suka cike 40 ɗin. Da yake ƙananan hukumomin Kano 44 ne, sai aka haɗe wasu biyu-biyu a kujera ɗaya: Rimin Gado da Tofa, Kunchi da Tsanyawa, Bagwai da Shanono, Kura da Garun Malam.

Sashe na 96 ya ce in kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa suka hallara, zama ya halatta. A Kano mutum 14 ke nan. Sashe na 98 ya ce rinjayen waɗanda suka halarta suka kuma yi ƙuri'a shi ke yanke magana, mai jagorantar zaman kuma ba ya ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ka yi lissafin da kanka: mutum 14 a zaure, ɗaya na riƙe da guduma, saura 13, bakwai sun isa su yi wa jiha mafi cikar jama'a a arewa doka. Daga nan sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku.

Sauran bayanin, wato karatu uku da aikin kwamiti da jin ra'ayin jama'a, ba a tsarin mulki yake ba. Sashe na 101 ne ya ba majalisa ikon tsara wa kanta ƙa'idojin aiki, su kuma ƙa'idojin gadon majalisar Birtaniya ne. Karatu na ɗaya sanarwa ce kawai, akawu ya karanta sunan ƙuduri ya zauna. A na biyu ake muhawara kan manufa. Sai kwamiti ya bi shi sashe-sashe, a nan ne ake gayyato waɗanda abin ya shafa su faɗi albarkacin bakinsu. Sai majalisa gaba ɗaya ta rikiɗe ta zama kwamiti, kakaki ya sauko daga kujerarsa, a sauke sandar majalisa ƙasa, a bi rahoton layi-layi. Sai karatu na uku.

Duk hikimar wannan doguwar hanya tana cikin tazarar da ke tsakanin matakan. Ana so magana ta kwana, ta fita gari, a tauna ta a rediyo da majalisar bakin titi, wanda za a taka ya samu sukunin yin ƙara. To amma ƙa'idojin nan majalisa ce ta rubuta wa kanta, tana kuma iya jingine su. Shugaban masu rinjaye ya miƙe ya nemi a jingine ƙa'ida kaza domin a gaggauta, wani ya mara masa baya, shi ke nan, tafiyar wata uku ta koma ta wuni uku.

Ita kanta ƙuri'ar, wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin gajartarta. Kakaki na kan kujerarsa mai tudu, sanda na kwance a gabansa. Ya ce masu goyon baya su ce eh, zaure ya ɗauka. Ya ce masu adawa su ce a'a, a ji wasu muryoyi ko a ji tsit. Ya ce masu eh sun yi rinjaye, ya buga guduma. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Wannan ita ce ƙuri'ar murya, kuma da ita ake zartar da mafi yawan dokoki a majalisun ƙasar nan. Ba a rubuta sunan kowa. Kunnen kakaki ne ma'auni. Ƙa'ida ta yarda ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin ya nemi a ƙirga kai, amma sai kakaki ya ba shi dama tukuna, kuma kakakin da bai ga dama ba yana iya kallon rufin ɗaki alhali kana tsaye kana ɗaga hannu.

Shi ya sa in ka tambayi mutumin Kano yadda wakilinsa ya yi ƙuri'a a kan dokar masarautu, amsar da zai ba ka ita ce sunan jam'iyyar wakilin, ko sunan ubangidansa a siyasa. Galibi kuma ya canka daidai.

Me ya sa a makon nan?

Ruwa ba ya tsami banza. Sanusi ya hau karaga ranar 8 ga Yuni 2014, kwana biyu bayan rasuwar Sarki Ado Bayero, lokacin Rabi'u Musa Kwankwaso na gwamna, Ganduje na mataimaki. Bayan Ganduje ya gaji kujera, tsakaninsa da sarkin bai daɗe yana daɗi ba, don Sanusi ba ya iya yin shiru kan manufofin gwamnati. A watan Mayu 2017 wannan majalisar, ƙarƙashin Rurum ɗin dai, ta buɗe bincike a kan sarkin. Yadda binciken ya ƙare shi ne abin lura: gwamna ne ya rubuto wa majalisa wasiƙa cewa manyan ƙasa sun sa baki, a dakata. Aka karanta, aka dakata. Tun daga ranar mai hankali ya gane inda makunnin fitilar yake.

Sai zaɓen 2019. Hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamna na 9 ga Maris bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, har sunan mazaɓar Gama ya shiga bakin kowa. Ganduje ya sha da ratar da ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba a kan Abba Kabir Yusuf na PDP. Mutanen gwamna sun yi amanna fada ba ta tare da su a wannan zaɓen. Bayan mako shida takardar koke ta bayyana.

Akwai kuma wani abu game da majalisar kanta. Wa'adinta saura 'yan makonni, domin a watan Yuni za a rantsar da sabuwa. Wasu sun faɗi zaɓe, suna duban inda za su raɓa. Shi kakakin ya riga ya ci kujerar majalisar wakilai ta Rano da Bunkure da Kibiya, wato yankin da ake shirin yi wa sarkin yanka. Majalisa mai haɗa kaya ba ta da sauran tsoron mai zaɓe. A cikin makon nan ne ma ta zartar da wani ƙuduri na ba tsofaffin kakaki da mataimakansu fansho na tsawon rai. Jama'a suka yi ca, gwamna bai sa hannu ba, majalisa kuma ba ta yi yunƙurin amfani da kashi biyu cikin ukun da sashe na 100 ya ba ta ba. Ƙudurori biyu, mako ɗaya, majalisa ɗaya: wanda gidan gwamnati ke so ya zama doka kafin tawada ta bushe, wanda ba ya so ya mutu shiru.

Kada a ɗauka buƙatar masarautun ƙirƙira ce. Rano na cikin Hausa Bakwai, Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. Gaya da Ƙaraye tsofaffin garuruwa ne masu sarautunsu tun kafin jihadi. Mutanensu sun daɗe suna cewa komai sai birni, su sai dai su kawo gaisuwa su koma. Abubakar Rimi ya taɓa ɗaga darajarsu a 1981, a shekarar da takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado ta jawo tarzomar 10 ga Yuli da aka kashe Dakta Bala Muhammad. Sabo Bakin Zuwo na hawa a 1983 ya warware. Saboda haka magana ce mai tushe, mai masoya na gaskiya, mai kuma tarihin zubar da jini. Ita ce irin maganar da aka ƙirƙiri zaman jin ra'ayin jama'a dominta.

Ga misali ɗaya na abin da gaggawa ta haifar. Masu zaɓen sarkin Kano huɗu ne a al'ada: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Kowannensu hakimi ne mai ƙasa. Madaki na Dawakin Tofa, Sarkin Bai na Ɗambatta, Makama na Wudil, Sarkin Dawaki Mai Tuta na Gabasawa. Da aka zana sabuwar taswira, Dawakin Tofa da Ɗambatta suka faɗa Bichi, Wudil da Gabasawa suka faɗa Gaya. Duka huɗun suka wayi gari ƙasashensu na ƙarƙashin wasu sarakuna, alhali sarautunsu na Kano ne. Da an zauna ko wuni ɗaya an saurari dattawan fada, da wani ya ɗaga hannu ya yi wannan tambaya. Ba a zauna ba, sai suka je suka yi ta a kotu.

Ranar da kotu ta duba hanya

Wani ɗan majalisar na PDP, Rabi'u Saleh Gwarzo, ya shigar da ƙara. Tun kafin a ba sababbin sarakuna sanda aka samu umarnin kotu na a dakata, gwamnati ta ce aikin gama ya gama, aka yi bikin a filin wasa na Sani Abacha. Aminu Ado Bayero ya zama Sarkin Bichi.

Ranar 21 ga Nuwamba 2019 Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya rushe dokar. Ya kamata a tsaya a kan dalilinsa, domin mutane da yawa sun ji hukuncin ba su ji dalilin ba. Alƙalin bai ce majalisa ba ta da ikon kafa masarautu ba. Bai ce Rano ba ta cancanta ba. Abin da ya duba shi ne ƙofar da maganar ta shigo: takardar koke ce daga wani mai zaman kansa, kuma majalisa ba ta bi ƙa'idojin da ta tsara wa kanta a ƙarƙashin sashe na 101 ba wajen mayar da ita doka. Ƙudurin doka yana da ƙofofinsa, ko gwamna ya aiko, ko ɗan majalisa ya ɗauki nauyinsa. An hau ta katanga, kotu ta ce a sauko.

Wannan hukunci ya nuna ƙa'idojin majalisa ba ado ba ne, suna da haƙori. Ya kuma nuna iyakar haƙorin. Tunda kuskuren na hanya ne, sai aka sake hanya. Ranar Litinin 2 ga Disamba majalisar zartarwa ta amince da sabon ƙuduri, aka aika wa sabuwar majalisa ƙarƙashin Kakaki Abdul'aziz Garba Gafasa, inda APC ke da rinjaye mai kauri. Ranar Alhamis 5 ga Disamba aka zartar, gwamna ya sa hannu a ranar. Tsakanin rushewa da sake ginawa mako biyu ne cif. A wannan karon an shigo ta ƙofa, amma da gudu aka shigo, kuma tazarar da ake buƙata don jama'a su yi magana ba ta samu ba.

Sau ɗaya ne zauren ya nuna cewa akwai masu ja a cikinsa, kuma ba da ƙuri'a suka nuna ba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka taso da maganar wasu ƙorafe-ƙorafe a kan Sarki Sanusi, wasu 'yan majalisa suka ce an saɓa ƙa'ida, aka yi ta cacar baki har aka kai ga kokawar sanda. Duk wanda ya kalli hoton bidiyon ranar ya ga manyan mutane cikin manyan riguna suna ja-in-ja a kan sandar majalisa, jami'an tsaro na ƙoƙarin ƙwacewa. Dalilin da ya sa kullum sanda ake wa wawa a majalisun Najeriya shi ne in babu ita a kan teburi zama bai zauna ba. Wanda ya san ba za a ƙirga muryarsa ba, sai ya nemi hana zaman gaba ɗaya. Kafin la'asar ɗin ranar majalisar zartarwa ta tuɓe Sanusi, aka tafi da shi Jihar Nasarawa, Loko sannan Awe, aka naɗa Aminu Ado Bayero Sarkin Kano, ƙaninsa Nasiru ya gaje shi a Bichi. Bayan mako guda majalisa ta dakatar da 'ya'yanta biyar na wata shida.

A cikin biyar ɗin akwai 'yan APC, jam'iyyar gwamna. Biyu daga cikinsu sun cancanci a riƙe sunansu: Labaran Abdul Madari na Warawa da Muhammad Bello Butu-Butu na Rimin Gado da Tofa. Za mu sake haɗuwa da su.

Kujerar da ba ta da ƙafa huɗu

Mai tambaya zai ce, me ya hana kakaki ya tsaya ya ce a bi a hankali? Amsar na cikin jerin waɗanda suka riƙe gudumar. Rurum ya sauka a Yuli 2017. Yusuf Abdullahi Ata ya hau, aka tsige shi a Yuli 2018, Rurum ya dawo. Gafasa ya hau a Yuni 2019, ya ajiye a Disamba 2020, Hamisu Ibrahim Chidari ya karɓa. Sauyi huɗu cikin shekara uku da rabi. Sashe na 92 ya ce kashi biyu cikin uku na iya tsige kakaki, kuma sa hannun mutum 27 ba wuyar tarawa gare shi ba ga wanda ke riƙe da baitulmali da tikitin takara. Kakakin da ya ga yadda aka yi da na gabansa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ga kuma kuɗi. Shekara da shekaru majalisun jihohi sai sun kai kokon bara gidan gwamnati kafin su sayi man janareta. Abin dariya, abin kuka: a gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo wa majalisun jihohi tayin 'yancin kuɗinsu, amma ba a samu jihohi 24 da ake buƙata sun amince ba. An miƙa musu mabuɗi suka mayar. Sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran, aiwatarwa kuma ta zama wani dogon ja-in-ja da gwamnoni. Kalmar da mutanen gari ke kiran 'yan majalisar jiha da ita, 'yan amshin shata, tana da ciwo, kuma ba kowa ta dace da shi ba, don akwai masu aiki tuƙuru a kwamitoci. Amma a kan manyan ƙudurori, waɗanda gwamna ya sa wa ido, da wuya ka kawo misalin da zai ƙaryata ta.

Ainihin ƙuri'ar ana yin ta ne a taron 'yan jam'iyya, ƙofa a rufe, wani lokaci a gidan gwamnati da dare. A can ake jayayya in za a yi, a can mai ƙorafi ke faɗin ƙorafinsa a lallashe shi ko a tsorata shi. Abin da ake yi a zaure da safe sanarwa ce.

2024: an juya tabarma

A zaɓen 2023 NNPP ta karɓi gwamnati, ta kuma samu kujeru 26 a majalisa, APC na da 14. Jibrin Isma'il Falgore na Rogo ya zama kakaki. Ba a ɓoye niyya ba, tun bayan zaɓe Kwankwaso ya faɗa a fili cewa za a sake duba maganar masarautu. Ta wannan fuskar NNPP na da hujjar da Ganduje bai da ita a 2019: tana iya cewa jama'a sun san abin da suka zaɓa. Ta kuma koyi darasin Mai Shari'a Na'abba, domin ba takardar wani lauya ta jira ba, shugaban masu rinjaye ne da kansa ya ɗauki nauyin ƙudurin.

Darasin da ba ta koya ba shi ne na tazara. Mutanen Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye sun shekara biyar da sarakunansu, an naɗa hakimai da masu sarauta, an ɗauki ma'aikata, an yi hawan salla. Ko mutum na ganin kafa masarautun kuskure ne tun farko, waɗannan mutane sun cancanci a kira su a ji ta bakinsu kafin a kwashe tabarmar da suke kai. Abin da aka yi wa birni a 2019 shi aka yi musu a 2024, da adadin kwanaki iri ɗaya.

Su kuwa mutanenmu biyu na 2020, ga inda zamani ya kai su. Butu-Butu ya koma NNPP, shi ne mataimakin kakaki a majalisar da ta dawo da Sanusi. Madari ya zauna a APC, shi ne shugaban marasa rinjaye a lokacin, yana gaban masu cewa kada a rushe masarautun. Mutum biyu da aka dakatar rana ɗaya kan rigima ɗaya, a 2024 kowa na gefen da jam'iyyarsa take.

Sauran labarin na kotu ne, zan taƙaita. A ranar da aka sa hannu, Mai Shari'a Abdullahi Muhammad Liman na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarnin a dakata, a ƙarar da Sarkin Dawaki Babba, Aminu Babba Ɗan'agundi, ya shigar. Gwamnati ta ba da amsar da ta gabace ta ta bayar, cewa aikin gama ya gama. Ranar 24 ga Mayu aka miƙa wa Sanusi takardar naɗi, cikin dare ya shiga Gidan Rumfa. Ranar 25 Aminu Ado ya dawo gari ya sauka a gidan sarki na Nasarawa. Ranar 20 ga Yuni Mai Shari'a Liman ya soke matakan da aka ɗauka bayan umarninsa, amma bai taɓa dokar kanta ba. A Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumin shiga maganar sarauta, a watan Maris kuma ta ce a tsaya yadda ake har Kotun Ƙoli ta yi magana.

Wani abu da ya faru a tsakiyar wannan ya fi duk hukunce-hukuncen bayyana halin majalisar. Ranar 16 ga Yuli 2024, ƙasa da wata biyu da rushe masarautun, majalisar ta zartar da wata dokar ta kafa masarautu uku masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Kano: Rano mai Rano da Bunkure da Kibiya, Gaya mai Gaya da Ajingi da Albasu, Ƙaraye mai Ƙaraye da Rogo. Bichi ba ta samu ba. Wato majalisar da kanta ta yarda akwai buƙatar da ba ta duba ba a watan Mayu. Da ta ba ƙudurin farko wata guda a kwamiti, da wataƙila wannan matsaya ta tsakiya ta fito tun a lokacin, a doka ɗaya.

Ina da kawu a wani ƙauye na ƙasar Bunkure, manomi ne, rediyonsa ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Na je gaishe shi bayan an kafa masu daraja ta biyun, muna zaune a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Kawu, yanzu ku mutanen wane sarki ne?"

Ya ajiye fartanyar ya fara lanƙwasa yatsu. "Da muna Kano. Azumin nan aka ce mun koma Rano. Kotu ta ce mu koma Kano, ko mako uku ba mu yi ba aka ce a'a, Rano. Bana aka ce Kano. Yanzu kuma an ce Rano, amma Ranon tana ƙarƙashin Kano." Ya dubi hannunsa, yatsu biyar sun lanƙwashe. "Ka ga hannu ya cika, ɗan nan."

Na ce, "To shi wakilinku na majalisa, ya taɓa zuwa ya tambaye ku?"

Ya yi dariya har da tari. "Wa zai tambaya? Mu ma a rediyo muke ji, ina jin shi ma a can yake ji." Ya ɗauki fartanyarsa, ya ce in miƙo masa dutsen da ke bayana ya daddage ƙotar.